Yadda Mai Masauki a Tambuwal Zai Sa Ayarin Masu Ziyara Su Kwana

Motar da ta taso daga Sakkwato za ta Jega ko Yawuri, ta Tambuwal take bi. A cikin motocin nan akwai na 'yan kasuwar albasa masu nufin Aliero, akwai na ma'aikata, akwai kuma waɗanda masu masauki ba su cika lura da su ba, wato bas-bas ɗin masu ziyara. Sun yi sallama da Hubbaren Shehu da hantsi, suna so su riski Gwandu kafin la'asar. Sukan tsaya su sha mai, su yi alwala, su sayi ruwa, su wuce. Kwana kuwa sai a Sakkwato ko Birnin Kebbi. Wannan jagora ta mai ɗakunan saukar baƙi ce a Tambuwal ko Kebbe da ke son ayarin nan su riƙa sauke kaya a gidansa, musamman waɗanda suka tsallako iyaka.

Kafin mu shiga aikin, yana da kyau a leƙa inda wannan sana'a ta fi bunƙasa a duniya, ko da yake addininsu daban ne da namu. Mabiya addinin Buddha suna da wurare huɗu da suke girmamawa: Lumbini a Nepal, inda aka haifi Buddha, Bodh Gaya a Indiya, inda suka ce ya sami wayewa, Sarnath kusa da Baranasi, inda ya fara wa'azi, da Kushinagar, inda ya mutu. Mafi yawan masu zuwa daga waje mutanen Tailan ne da Siri Lanka da Myanmar da Japan da Biyetnam da Koriya ta Kudu. Ba ɗaiɗai suke zuwa ba. Ayari suke yi, malamin addininsu ne jagora, kuma sun fi zuwa a watannin sanyi, daga Oktoba zuwa Maris. Ko da aka buɗe filin jirgin sama na Kushinagar a Oktoban 2021, jirgin da ya fara sauka daga Siri Lanka ya taso, cike da malamansu. Masu otel na can sun daɗe da gane cewa mutum guda ne ke yanke shawarar inda mutum arba'in za su kwana, don haka shi suke nema. Suna dafa abincin ƙasar baƙo, suna shirya karin kumallo tun da duhu saboda masu fita ibada da sassafe. A Borobudur ta tsibirin Jaba a Indunusiya ma, ƙauyawan da ke kewaye da tsohon wurin bautar mabiya Buddha akasarinsu Musulmi ne, amma sun mai da ɗakunan gidajensu masauki, suna cin abinci da baƙin.

Ba mai bin Buddha da zai taso daga Bankok ya zo Tambuwal, don ba abin da ya bari a nan. Abin ɗauka a wurinsu shi ne tsarin: ayari, jagora, lokaci, da jerin garuruwan da ake bi ɗaya bayan ɗaya. Mu ma muna da jerinmu, kuma Tambuwal a tsakiyarsa take.

Sanin hanyar da kake sayarwa

Ɗakinka bai fi na Sakkwato kyau ba, kada ka yaudari kanka. Abin da kake da shi wanda otel ɗin Sakkwato ba shi da shi, shi ne wurin da Allah ya ajiye ka. Sakkwato tana gabas maso arewa, tafiyar kilomita ɗari da 'yan kai. Gwandu tana nan kusa, tsallaken iyakar Jihar Kebbi. A tsakani hanya ta ratsa ƙasar Bodinga, inda Sifawa take, ta wuce Shagari.

Ka san labarin wuraren nan kamar yadda ka san kuɗin ɗakinka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a Fabrairun 1804. Bayan shekarun farko na yaƙi jama'a ta zauna a Gwandu, daga nan Shehu ya koma Sifawa wajen 1810, ya yi shekaru yana karantarwa da rubutu, sa'an nan ya shiga Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817. Ƙanensa Malam Abdullahi ya zauna Bodinga, daga baya ya koma Gwandu, can kabarinsa yake. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a Wurno a 1837. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, tana kwance a Hubbare kusa da mahaifinta. Ita kanta Tambuwal ba baƙuwa ba ce a wannan tarihi: Muhammadu Buhari ɗan Shehu, malami kuma mawaƙin Larabci, shi aka damƙa wa wannan yanki, kuma gidan sarautar garin zuriyarsa ce. A Gwandu ne matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sami kwafin Tarihus Sudan a 1853 ya zauna yana kwafar abin da ya iya. A Shagari kuma aka binne tsohon shugaban ƙasa Alhaji Shehu Shagari a Disambar 2018, akwai masu son tsayawa su yi masa addu'a.

Daga nan sai ka zana tafiya ta kwana biyu ko uku wadda kwananta ya faɗo gidanka ba tare da an tilasta ba. Misali: ayari ya yi ziyarar Hubbare da safe, ya leƙa Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, ya tsaya Sifawa bayan azahar, ya iso Tambuwal da sauran rana. Washegari da sanyin safiya a tafi Gwandu, a dawo a ci abincin rana, a huta. Rana ta uku mai son ƙari ya nufi Birnin Kebbi, inda fadar Sarkin Gwandu take a yau, ko Argungu don Gidan Tarihin Kanta. Dattijon da ya kwana Tambuwal zai isa Gwandu bai gaji ba, rana ba ta buɗe ba. Wannan ita ce hujjarka, kuma da ita za ka buɗe baki a gaban kowane jagora.

Kafin ka buga takarda ko ɗaya, ka je fada. Ka yi gaisuwa, ka faɗi niyyarka, ka nemi a nuna maka wuraren tarihin garin da aka yarda baƙo ya gani da wanda zai yi musu bayani. Haka za ka yi a Gwandu wurin masu kula da hubbaren. Ayarin da aka san da zuwansa daban ake tarbarsa, kuma ba a shiga irin waɗannan wurare da baƙi kai tsaye kamar an shiga kasuwa.

Wane ne baƙon naka

In an ce baƙon ƙasar waje, masu masauki da yawa Bature mai kyamara suke hangowa. Ka cire shi daga lissafin farko. Gwamnatocin Amurka da Ingila suna gargaɗin mutanensu game da zuwa wannan yanki saboda matsalar tsaro, kuma inshorar tafiya ba ta cika ɗaukar nauyin wanda ya ƙetare irin wannan gargaɗi ba. Wanda zai zo duk da haka manazarci ne, irin masu bin sawun Murray Last da Jean Boyd, kuma ta hannun jami'a yake zuwa, ba ta hanyar talla ba.

Baƙonka na gaskiya yana jin Hausa ko Fulatanci. Yana Birnin Ƙonni ko Tawa ko Maraɗi ko Doso, kuma ya san a Maratta ta ƙasarsa aka haifi Shehu a 1754. Yana zangon Kumasi ko Nima ta Ankara, kakansa fatake ne na goro. Yana Garwa ko Marwa ko Ngaundere a Kamaru, inda sarautar lamiɓe ta samo tushe daga tutar da Shehu ya ba Modibbo Adama. Yana Maiwurno a bakin Kogin Nilu a Sudan, cikin zuriyar waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi na 1903. Akwai ma Musulmi baƙar fata a Amurka, a Pittsburgh da wasu birane, da suke karanta littattafan Shehu, matansu suka farfaɗo da tsarin 'yan taru na karantar da mata na Nana Asma'u. Waɗannan ba su da yawa, amma in sun zo sukan daɗe. Sai kuma na gida, 'yan Kadiriyya da sauran almajirai daga Kano da Zariya da Ilori da Yola, waɗanda su ne za su riƙe ka kafin na waje su saba.

Abu biyu ka riƙe game da wannan baƙo. Na ɗaya, akasari dattijo ne, kuma mata suna da yawa a ayarin, wani lokaci ma su ne suka fi yawa. Na biyu, bai saba biyan kuɗin kwana ba. Al'adarsa ita ce ya sauka a zawiya, ko makarantar wani malami, ko zauren ɗan'uwa. Abokin takararka ke nan, ba otel ɗin da ke gaba da kai ba, kuma shi kyauta yake saukarwa. Ba za ka kayar da shi da araha ba. Da abin da zaure ba ya iya bayarwa za ka ja mutane: banɗaki wadatacce, wurin mata a killace, mota a cikin katanga, barci ba sauro.

Gyaran gida kafin kiran mutane

A nan zan daɗe, don a nan ake faɗuwa. Ka tsaya a tsakar gidanka da ƙarfe biyar na asuba a watan Janairu, ka ƙaddara mutum goma sha takwas sun farka lokaci guda. Kowa buta yake nema. Tsohuwa mai ciwon gwiwa tana tsaye bakin banɗaki da sandarta, iskar hunturu tana kaɗawa, ruwan tanki ya yi sanyi ƙarara, famfo ɗaya ne ke zuba, ladan kuma ya yi kira na biyu. In a wannan rabin awa aka sha wuya, duk fentin da ka shafa da talabijin ɗin da ka rataya sun tashi a banza. Saboda haka kuɗinka na farko ya tafi kan ruwa: tanki cike tun da dare, wurin alwala mai famfo da yawa da dakalin zama, na maza daban na mata daban, butoci fiye da adadin ɗakuna, da babbar tukunyar ruwan zafi da aka ɗora tun ƙarfe huɗu. A sa kujerar roba a banɗaki ɗaya ko biyu saboda waɗanda ba su iya tsuguno.

Ɓangaren mata ya zama da ƙofarsa, kuma mace ce za ta riƙa shiga da fita da abinci da shara. Jagora zai tambaye ka wannan tun kafin ya tambayi kuɗi. Kowane ɗaki a nuna alƙibla, a ajiye dadduma mai tsabta, a rataya gidan sauro ko da raga a taga. Wurin cajin waya ya wadata, don kowane baƙo da wayarsa, 'ya'ya suna kira daga gida. Wuta kuwa, faɗi gaskiyar abin da kake da shi. In solarka fanka da fitila kawai take ɗauka, ka ce haka. In janareta daga magariba zuwa sha biyun dare kake tayarwa, a rubuta a takarda.

Sai maganar suna. A garuruwanmu akwai gidajen kwana da mutanen kirki ba su son a ga motarsu a ƙofarsu, kowa kuma ya san dalili. Ba za ka haɗa cinikin ɗakin awa biyu da saukar ayarin malamai a gida ɗaya ba. Jagora zai aiko a bincika, kuma ɗan acaɓa ko mai shayin bakin titi zai tambaya, ba kai ba. Zaɓi ɗaya.

Abinci ba ya bukatar ƙawa. Kunu ko koko da ƙosai bayan sallar asuba, shayi a gefe da sukari daban saboda masu ciwon suga, tuwon shinkafa ko na masara da dare, fura da nono ga mai so. Ka tambayi jagora tun kafin su taso ko akwai mai hawan jini ko wanda likita ya hana wani abu. Ka ƙulla da mata biyu ko uku masu girki a unguwa maimakon ɗaukar kuku na dindindin, tunda ba kullum ake cika ba. Direba kuma a ba shi ɗaki da abinci kyauta. Shi ke wannan hanya duk wata, bakinsa kuma ya fi allon talla kaiwa nesa.

Neman jagora

Mai yanke shawara shi ne malamin zawiya, ko muƙaddami, ko shugabar makarantar Islamiyya ta matan aure, ko Sarkin Zango, ko mai kamfanin shirya Umara da ke neman abin yi tsakanin lokutan aiki. Hanya mafi sauƙi ta samunsu ita ce ka je inda suke taruwa. Ka riƙa zuwa Sakkwato ranar Juma'a da lokacin Maulidi, ka ga motocin da ke fake kusa da Hubbare, ka duba lambobinsu. Lambar Nijar ko ta Kamaru ba ta ɓuya. Ka gai da direba, ka tambayi wane ne babba a tafiyar, ka je ka durƙusa ka gaishe shi, ka miƙa takardarka. Kada ka tsaya dogon talla a wurin da mutum ya zo ibada. Karɓi lamba, ka bari sai ya koma gida.

Takardar nan shafi ɗaya ta isa: taswirar hanya daga Sakkwato zuwa Gwandu da Tambuwal a tsakiya, adadin ɗakuna da gadaje, abin da ke akwai, lambar waya biyu. A yi ta da boko a fuska ɗaya, a bayanta da ajami ko Larabci, don dattawan malamai da yawa sun fi sakewa da shi. A ƙara layi uku na Faransanci saboda matasan Nijar da Kamaru da Binin da ke riƙe wa iyayensu waya. Ka biya wanda ya iya ya rubuta, kada ka dogara da fassarar na'ura.

Bayan kwana biyu sai saƙon murya ta WhatsApp, wanda ya fi rubutu tasiri a wurin mutanenmu. Kada ya wuce minti ɗaya. Ga irin yadda zai kasance: "Salamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni ne mai masaukin Tambuwal da muka gaisa a Hubbare ranar Juma'a. Ina fatan an isa gida lafiya, ya gajiyar hanya? In Allah ya sa za a sake zuwa ziyara, muna da wurin mutum ashirin, ɓangaren mata daban, kuma daga nan zuwa Gwandu ba nisa. Zan turo hoton wurin Malam ya gani." In shugabar mata ce, matarka ko ma'aikaciyarka ta yi magana da ita, ta ce mata Hajiya ko Malama, ta fara da tambayar iyali.

Sa'an nan ka gayyaci jagoran shi kaɗai, ko da mutum ɗaya, ya kwana kyauta ya gani da idonsa. Masu otel ɗin Bodh Gaya da kamfanonin yawon buɗe ido a ko'ina haka suke yi wa masu kawo musu ayari. Kwanan mutum biyu da tuwon dare ba za su karya ka ba.

Wani abu da ya kamata a faɗa: malamai sun saɓa a kan wasu abubuwan da ake yi a wurin kaburbura, kuma a garinka akwai masu wannan ra'ayi da masu wancan. Kai mai masauki ne. Ladubban ziyara na malamin ayari ne, kada kai ko yaranka ku tsoma baki, kada kuma ka rubuta a tallarka cewa wuri kaza ana samun biyan bukata. Tarihi da hanya da wurin kwana kake sayarwa.

Manazarta kuwa ta wata ƙofa ake samunsu. Kai takardarka sashen tarihi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, da Gidan Tarihi na Waziri Junaidu, da jami'o'in Aliero da Birnin Kebbi. Mai bincike tebur yake so da fitila da shiru da intanet mai ɗan ƙarfi, da rasit mai hatimi da zai kai wa wanda ya ba shi kuɗin aiki.

Abin da waya za ta yi maka

Ɗan malamin da ke Kumasi zai buɗe Google Maps ya rubuta sunan garin. In gidanka bai fito ba, a wurinsa babu kai. Sa masauki a taswirar kyauta ne. Ka tsaya a ƙofar gidan lokacin da kake dasa alamar don ta faɗa daidai, ka sa lambar da ake ɗauka dare da rana. Hotuna goma sun isa, a ɗauke su da hasken safe: ƙofar shiga, wurin ajiye mota, ɗaki, gado da zanin da aka wanke, wurin alwala, da banɗaki. Masu masauki sukan ɓoye hoton banɗaki, alhali shi mai tafiya da tsohuwa ya fi son gani. Kada ka ari hoton wani otel na Abuja. A rubuta sunan jiha yadda baƙi ke nemansa, Sokoto da Sakkwato duka. Mai masauki a Kebbe kuma ya cika adireshinsa har da ƙaramar hukuma da jiha, don baƙo kan ɗauka Jihar Kebbi ake nufi ya zarce Birnin Kebbi.

Shafin Facebook da gajeren bidiyo a TikTok suna da amfani in abin da kake sawa labarin wuraren ne, ba hoton gado kullum ba. Minti biyu da wani dattijo masani yana bayanin zaman Shehu a Sifawa, da izininsa, zai yi yawo a wayoyin zango fiye da kowace talla, sunan masaukinka yana ƙasa. Manyan shafukan kama ɗaki irin Booking.com suna cire kamasho a kan kowane kwana, kuma ayarin ziyara ba ta nan suke bi ba. Bar su sai gaba.

Kuɗi da takardu

Jagora ba ya son jin kuɗin ɗaki, kuɗin kai yake so, don shi zai bi mutane ya tara. A ce bas ce mai mutum 18, kwana biyu. Haɗa kuɗin ɗakunan da za su cika, da abinci sau biyu a rana, da man janareta, da ladan masu girki, da ɗan abin da za a ba mai bayani a Gwandu, ka ɗora ribarka, ka raba 16, tunda jagora da direba ba su biya. Abin da ya fito shi za ka faɗa, ka lissafa abin da ke ciki da wanda ba ya ciki. Farashin ya zama na wata ɗaya kawai, saboda yadda kuɗin mai da na abinci ke motsi. Ka karɓi kashi ɗaya cikin uku kafin su taso, ka faɗi tun farko abin da za ka mayar in tafiya ta fasa. Mutanen Nijar da Binin da sefa za su zo. Ko dai ka yarda da canjin ranar a gaban jagora, ko ka haɗa su da ɗan canji amintacce. POS da taransifa su kasance, amma ka tuna katin bankin waje ba kullum yake aiki a na'urarmu ba.

Yi wa sana'arka rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka buɗe asusun banki da sunan masaukin, don baƙon waje ba ya sakin jiki ya tura kuɗi asusun mutum. Lasisin otel a hannun jiha yake tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2013, don haka ma'aikatar da ke kula da al'adu da yawon buɗe ido a Sakkwato za ka nufa. 'Yan ƙasashen ECOWAS irin Gana da Binin suna shigowa ba biza har kwana 90. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, kuma iyakar ta taɓa rufuwa bayan juyin mulkin 2023, saboda haka kafin ayari ya taso ka tambayi halin da ake ciki a Illela ko Kamba a wannan makon. Mutanen Sudan da Amurka sai da biza, kuma a tuna musu katin rigakafin shawara. Kowane baƙo a rubuta sunansa da lambar takardarsa a littafin masauki.

Tsaro

Jagora zai tambaye ka, "Ya hanya?" Amsar da za ka ba shi ita ce jarinka duka. Kowa ya san 'yan bindiga sun addabi sassan Sakkwato da Zamfara da Kebbi, kuma ƙauyukan Kebbe, da ke maƙwabtaka da Zamfara, sun ɗanɗana. In ka ce lafiya lau alhali ka ji wani abu jiya, ka ɗauki alhakin rayuka. Ka riƙa jin ta bakin shugabannin tasha da direbobin da suka iso da safe, da DPO, da mai gari. In mako bai yi kyau ba, kira jagora ka ce a ɗaga, ka riƙe masa kuɗinsa ko ka mayar. Dokar gidanka ta zama ba a tashi kafin gari ya waye sosai, kuma kowace mota ta shigo kafin magariba. Kada a sanar da ranar zuwan ayari a Facebook, kada a sa hotonsu sai sun koma gida, sa'an nan ma da izininsu. Degel da Gudu da Alƙalawa da Wurno suna da daraja a zuciyar mai ziyara, zai kuma roƙe ka ka haɗa masa da su. Kada ka sa su a jadawalin da ka buga. Ka ce sai an ji shawarar jami'an tsaro da masu garin a makon tafiyar.

Wannan ne ya sa mai masauki a Kebbe zai fi cin riba in ya haɗa kai da na Tambuwal maimakon ya ja ayari zuwa cikin lungu. Ya nemo baƙi ta hanyar 'yan'uwa da malaman da ya sani, a sauke su a bakin babbar hanya, a raba abin da aka samu bisa yarjejeniya a rubuce. Ɗakunansa na Kebbe kuma ya nema musu ma'aikatan lafiya da na gona da 'yan kasuwar hatsi, waɗanda dama aikinsu ke kai su can.

Lokacin aikin gajere ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ake jin daɗin tafiya. Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, ba dattijon da za a ɗora wa wannan. Da damina manoma suna gona. Sai watan Maulidi da bayan sallah ƙarama da babba, waɗanda ke zagayawa da kalandar Musulunci, da kuma shekarar da aka yi bikin kamun kifi na Argungu, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun duniya a 2016, lokacin da ɗakunan Argungu da Birnin Kebbi kan cika har a nemi na nesa. Gyaran famfo da fenti a yi su da damina, neman jagorori a fara wata biyu kafin sanyi.

Ranar tafiya ka raka su har bakin mota. Ɗan tsaraba ga jagora, ko kilishi ko ƙaramar jakar fatar jar akuyar Sakkwato, da takardunka guda goma ya raba a gida. Bayan kwana uku ka kira ka ji saukarsu, ka tambaye shi kai tsaye abin da bai yi musu daɗi ba, ka yi shiru ya gama faɗa. Ka roƙi wani matashi a cikinsu ya rubuta ra'ayinsa a Google Maps da harshen da ya ga dama. Sa'an nan ka buɗe littafi ka rubuta watan da suka zo, su nawa, mata nawa, wa ba ya cin gishiri, wane ɗaki aka ba tsohuwa mai sanda, da abin da suka yi ƙorafi a kai. Wata biyu kafin zagayowar wannan lokaci ka gyara abin, ka ɗauki hotonsa, ka tura wa Malam tare da gaisuwa da sabon farashi.